Tashar Jakai a Karofane? Ku Gama Dariyar Tukuna

To, jama'ar Karofane da Buza da Madawa, har da 'yan'uwa na Keita da ke leƙo mu ta bayan dutse, ku gyara zama, yau da ku nake. Maganar da na kawo ita ce a ware wa jaki da doki da raƙumi da amalanke wurin tsayawa na kansu a bakin kasuwa, a kuma buɗe bakin burtali inda gonaki da gine-gine suka shaƙe shi. Ga Alhaji can ya tuntsure da dariya har hula ta karkace. Yi abarka, Alhaji, ba sauri nake ba.

Bari ma in ƙara maka abin dariyar. A Amurka akwai gandayen shaƙatawa na gwamnati da ake fitar wa mahaya dawaki hanyoyinsu a cikin daji. Mai doki ba ya hawo shi tun daga gida. Saka shi yake yi cikin wani akwati mai taya, ya ja da mota har bakin dajin, ya sauke, sannan ya ɗaura sirdi. Saboda haka hukumar gandun takan tanadi fili mai faɗi inda motar da akwatin za su juya ba tare da an yi ta ja da baya ba. Me kuka ce? Doki a mota, duniya ta zo ƙarshe? Ranka ya daɗe, to ragon layyar nan da ake rungumowa a kan kabu-kabu, kansa a kafaɗar direba, ƙafafunsa na reto, shi a ƙasa ya taka? Bijiman da aka daɗe ana lodawa a manyan motoci ta Konni da Illela har Legas fa, tikitin jirgi suka yanka? Mu ma dabbobinmu na hawa mota. Su can sun yi wa abin wuri, mu mun bar shi ga ƙarfin samari.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar lodi ya san yadda ake yi inda ba a gina wurin hawa ba. A nemi tudu, ko a haƙa rami motar ta zura baya a ciki. Wasu na jan igiya daga sama, wasu na murɗa wutsiya daga ƙasa, dillali na gefe yana ba da umarni kamar shi ya haifi san. In an yi sa'a ya hau. In ba a yi ba ya zame, ƙafa ta karye, sai ka ga mahauci ya matso yana jajantawa da baki, ido kuwa na kan cinya. San da aka yi shekara ana turka wa harawa da dusa ya tafi a kuɗin da mai shi ba zai iya faɗa wa matarsa ba. Abin da zai hana wannan kuwa tudun ƙasa ne da aka daɓe, aka kama gefensa da dutse da siminti, tsayinsa daidai da bayan mota. Dutse dai ba sai an yi mana odarsa daga waje ba, mu mutanen Adar.

Na ji Baba daga kan tabarma yana cewa, yaro, tun zamanin kakanni jaki ke zuwa kasuwa, bai taɓa rasa inda zai tsaya ba. Gaskiyarka, Baba, Allah ya ƙara girma. Sai dai a zamanin kakanni babu babur, babu motocin albasa, babu mai cajin waya. Je ka duba gindin itacen da mahaifinka ke ɗaure jakinsa. Mai shayi ya kafa teburi, mai fetur a kwalba ya jera kayansa, 'yan kabu-kabu sun raba sauran inuwar. Jakin da ya jawo buhunan albasa ko hatsi tun asuba yana can tsakiyar rana, an ɗaure shi a tayar amalanken wani. Ya yi harbi, tulu ya fashe, a wuni ana rantse-rantse. Kuma wa aka bari yana gadinsa? Yaron da ya kamata a ce yana makaranta.

Gadin kuwa ba na banza ba ne, don jaki ya yi daraja ba ku sani ba. A 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakai waje, bayan an fitar da kimanin 80,000 a cikin watannin farko na shekarar, alhali a 2015 gaba ɗaya 27,000 ne. Fatar ake nema a ƙasar Sin, ana dafa ta a yi magani. A watan Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ma ta amince da hana yanka jakai don fata. Shugabannin nahiya sun zauna a Adis Ababa saboda jakinka, kai kuma kana ganin turke da inuwa sun yi masa yawa.

Yanzu mu zo kan burtali, inda na san wasu za su fara kallon ƙasa. Malam manomi, ba suna zan kira ba. Amma ka san yadda ake yi: bana a ƙara layi ɗaya na hatsi cikin hanya, baɗi a ƙara biyu, aguwar da aka dasa a matsayin iyaka ta wayi gari ta yi tafiya da ƙafarta. Bayan shekara goma, hanyar da garke ke bi a sake ta koma ta mutum ɗaya da akuyarsa. Abin ya fi muni a bakin gari da bakin mashaya, daidai inda dabba ta fi buƙatar sarari, don nan ne fili ya fi tsada. Inda manomi bai ci ba kuma garmani ya cinye, ciyawar da dabba ba ta ko kallo. Kai ma makiyayi kada ka yi mini wannan murmushin, na san akwai shanun da ba sa gane iyakar gona sai da rana.

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 1993 Nijar ke da kundin dokokin karkara, wanda ya kawo kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO, daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma har ƙauye. A watan Mayun 2010 aka ƙara da dokar kiwo, wadda ta tabbatar wa makiyayi 'yancin tafiya da dabbobinsa, ta kuma sa burtali cikin dukiyar jama'a da ba mai ikon mallakewa. Takarda ta yi nata. Turakun simintin da za su nuna iyakar a ƙasa, da mutanen da za su hana a tumɓuke su, su ne suka rage mana.

A nan zan ɗan ajiye wasa. A watan Nuwamban 2016, a Bangi da ke gundumar Madawa, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka kusan 20, har da mata da yara. Kafin nan, a 1991, an kashe fiye da mutum 100 a Toda ta jihar Maraɗi. Allah ya jiƙansu. Irin wannan wuta takan tashi ne daga ɓarnar gona guda, ɓarnar kuma sau da yawa daga hanyar da ta toshe take farawa.

Sai mai cewa babu kuɗi. Wannan shi ne gwanin masu shakka, kowane taro yana sahun gaba. Kawu, a ƙasar nan kake faɗin haka? A kwarin Majiya, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, da taimakon ƙungiyar CARE, ga su nan har yau kuna sassabe reshe kuna yin rumfa. A Keita, daga 1984, aikin da Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da FAO ya dasa miliyoyin itatuwa, ya farfaɗo da fako da aka riga aka yanke wa ƙauna. Wa ya ɗauki duwatsun a ka? Mafi yawa mata ne, lokacin da mazan Adar ke Abijan da Legas suna ci-rani, suna aiko gaisuwa. Iyayenmu mata sun tare ƙorama da hannu, mu kuma 'ya'yansu maza mun taru mun kasa kafa turaku da kwamin shan ruwa. In shirin ProDAF, wanda asusun FIDA ya fara tallafawa a 2015 a jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram, ya iya gina kasuwannin sari da hanyoyin karkara, ai sauran ƙaramin aikin bai kamata mu jira baƙo ya zo daga Roma ya yi mana ba.

Mai shakka ɗaya ne na yarda da rabin maganarsa: wanda ya ce da zarar an kewaye fili, gobe za a sa wani mai jaka a ƙofa, a ƙirƙiro sabon haraji, jibi kuma a yanka filin a sayar wa masu shaguna. Wannan tsoron yana da tushe. Maganinsa shi ne a rubuta filin a takardar COFO da sunan jama'a, a gaban hakimi da wakilan makiyaya da masu amalanke, kowa ya san faɗinsa da tsawonsa. Kuma don Allah kada a kai shi bayan gari inda ba wanda zai bar dabbarsa ya tafi. A yi shi kusa, da ƙofar shiga daban da ta fita don amalanke ba ya son ja da baya, a sa ruwa, a dasa itace.

Haraji kuwa ai kuna biyansa tun tuni. Kowace dabba da aka sayar a kara akwai abin da ƙaramar hukuma ke karɓa a kanta, kowane mai kasa kaya yana yankar tikiti. Ranar kasuwa mai zuwa, Alhaji, in an miƙo maka tikitin ka biya da hannun dama, sannan ka tambayi mai yankan, cikin ladabi, nawa ne daga ciki aka ware wa wurin tsayawar dabbobi. In ya ce bai sani ba, ofishin magajin gari ba nisa.