Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Tanki Mai Shuɗiyar Hula

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka da mai mulki, ina fatan kana cike taf, don an ce duk ranar da cikinka ya yi ƙasa babu mai zuwa ko'ina. Da inji na so in aika wa wannan takarda, tunda shi muka sani a matsayin babban mota, sai direbobi suka ce kada in ɓata tawada. Inji yanzu ɗan amshin shata ne. Mai faɗa a ji yana can maƙale a gefen tankin dizal, ɗan ƙarami da shuɗin murfi. A Turai abin da kake sha AdBlue suke ce masa, a Amurka kuma DEF. Da na bi diddigi sai na tarar takin yuriya ne aka jiƙa, kashi 32.5 cikin ɗari yuriya, sauran tataccen ruwa. Ashe abin da manomin Kadawa ke fafutukar samun buhu guda ya watsa wa shinkafarsa, shi kake kurɓa a titunan Jamus kana yatsina.

Ba zan danne maka haƙƙi ba, aikinka na alheri ne. Injin dizal da zafi yake ƙuna, zafin nan kuma yana juya iskar da ya zuƙa ta zama gubar da masana ke kira NOx, mai cin huhu, mai tayar da asma. Kai ne ke fesa ruwanka cikin salansa, zafi ya mai da shi amoniya, amoniyar ta kama gubar, su fito daga bututu a matsayin tururin ruwa da iskar naitirojin, wadda dama ita ta fi yawa a abin da muke shaƙa. Abokin aikinka, matacin da ke gabanka, shi ke tare kunkunniya. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Masu zama a unguwannin da ke kewaye da tashoshin jiragen ruwa na Los Angeles da Long Beach, inda tireloli ke kai da kawo dare da rana, ba attajirai ba ne, kuma 'ya'yansu sun ci moriyarka. Wannan na sallama maka.

Rigimata da kai ta hali ce.

Tun da dokar Amurka ta 2010 ta ɗora ka a kan kusan kowace sabuwar babbar mota, aka haɗa ka da kwamfutar inji aka ba ka sanda. Idan ka ƙare, ko ka ɗanɗana ruwan ka ji bai yi maka ba, sai fitila ta kama a gaban direba. Ya yi biris, ka rage wa inji ƙarfi. Ya ƙara yin biris, ka mai da motar da ke ɗauke da lodin tan ashirin tana tafiyar mil 5 a awa, kilomita 8 ke nan, mai keke ya wuce yana yi wa direba sannu. Da a ce sai ka ƙare kake yin haka, da mun ce sakacin direba ne. To amma sau da yawa kana cike, 'yar na'urar da ke ɗanɗana maka ruwa ce ta rikice, ko waya ta tsinke, ko ruwan ya bushe ya toshe bakin feshi da farin gishiri. A 2021 irin waɗannan na'urori suka yi ta mutuwa a Amurka, ga kayan gyara sun yi ƙaranci, motoci masu lafiyayyen inji suka yi ta zaman jiran abin da bai kai tafin hannu ba. Ka zama mai gadin da maigida ke ciyarwa yana biya, amma duk daren da mura ta kama shi sai ya kulle maigidan a waje. Ga ka da raki: sanyi ya kai 11 ƙasa da sifili ka daskare, zafi ya yi yawa ka lalace. Sai a watan Agustan 2025 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce wa masu ƙera injina su sassauta hukuncin nan, a ba direba lokacin kai mota gareji. Shekara goma sha biyar kafin a lura cewa tirela mai rarrafe a tsakiyar babban titi ita ma haɗari ce!

Bari mu zo kan wanda ya biya kuɗin rawaninka. A Disamban 2008 hukumar kula da iska ta jihar Kalifoniya ta kafa dokar manyan motoci da bas-bas, ta bi ta mataki-mataki, har ranar 1 ga Janairun 2023 ya zama kusan duk motar dizal da ta haura tan 6 da ɗoriya sai tana da injin 2010 ko wanda ya biyo baya. Ba sai ɗan sanda ya tare hanya ba, ofishin rajista kawai ke ƙin sabunta takarda. Mutum ya shekara goma yana biyan bashin motarsa, ya gama, ya fara numfashi, injin ko tari ba ya yi, sai aka wayi gari motar ba ta da izinin taka kwalta. Sabuwa kuwa ta haura dala 100,000. Na san za ka ce an ba da tallafi da rance da ƙarin wa'adi. An ba da. Sai dai kamfani mai motoci ɗari biyar yana da ma'aikacin da aikinsa ke nan cike takardun tallafi, kuma dama duk bayan 'yan shekaru yake sauya motoci. Mai mota ɗaya shi ne direba, shi ne akawu, shi ne rabin bakanike, a bayan sitiyari yake kwana. A Landan ma tun Maris na 2021 babbar motar da ba ta kai matakin rage hayaƙi na Euro VI ba fam 100 take biya kullum kafin ta shiga gari, wadda ta fi tsufa fam 300.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na iyayen gidanka, masu ƙera motocin. A Yulin 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Daimler da DAF da Iveco da Volvo/Renault yuro biliyan 2.93. MAN ya tsira don shi ya tona asiri, Scania kuma a 2017 aka yanka masa miliyan 880. Laifinsu? Shekara 14, daga 1997 zuwa 2011, suna haɗa baki a kan farashi, da lokacin da za su fito da na'urorin rage hayaƙi, da yadda za su juye kuɗin a kan mai saye. Wato tun kana ciki ba a haife ka ba aka gama shawarar wanda zai yanka ragon suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Amurka kuwa ƙaramin garejin da ya cire ka daga mota tara ce ke jiransa, wani ma an taɓa kai shi har gaban alƙali, kuma ban ce a ƙyale shi ba. Amma a Disamban 2023 kamfanin Cummins ya yarda ya biya dala biliyan 1.675 bisa zargin sa manhajar yaudarar gwaji a injinan dubban ɗaruruwan motocin a-kori-kura na Ram, ya biya bai amsa laifi ba, washegari ya buɗe masana'anta. Mai gareji idan tara ta same shi, da ƙyar ya sake buɗe ƙofa.

Na kusa mantawa da abin kunyar da ka yi a Koriya ta Kudu. A ƙarshen 2021 Sin ta tsaurara fitar da yuriya, ita kuwa Koriya kusan duk yuriyar masana'antunta daga can take sayowa. Direbobi suka yi ta layi da jarkoki, gwamnati ta ƙayyade lita 30 ga kowace babbar mota, har jirgin saman soja aka tayar zuwa Ostareliya ya ɗauko lita 27,000. Ƙasar da ke ƙera wayoyi da jiragen ruwa ta kusa tsayawa cik saboda ruwan taki. Ko kai ba ka ji nauyi ba?

Kada ka ce ina ruwan ɗan Arewa da duk wannan. Motar da doka ta kora daga Kalifoniya ba mutuwa take yi ba, wata jihar ko ƙetaren iyaka ake sayar da ita. Ta Turai kuwa jirgi take hawa a Antwerp ta sauka a Kwatano ko Lome ko Legas, mu tarbe ta da fenti da "Allah ya kiyaye hanya" a goshi. Hayaƙin da aka hana ta yi a can, a Tafa da Mararrabar Jos take amayar da shi, a kan mai shayi da 'yar talla. Wannan ma ai ƙaura ce aka yi wa hayaƙin, aka kuma sayar mana da tikitin. Man da za ta sha shi ma da labarinsa: a 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa dizal mai yawan farar wuta musamman don Afirka ta Yamma. Dokar Turai kashi 10 cikin miliyan ta yarda da shi, ta Najeriya a lokacin 3,000. Irin wannan mai kuwa ka san yadda yake yi wa matacin da ke gabanka.

Saboda haka ina ba ka shawara tun kana kan mulki, don kai ma nan za ka yi ritaya. Ranar da ka iso, ka fara kunna fitilarka a hanyar Gusau da tsakar rana, babu mai sayar da ruwanka a kusa, ga tumatir yana narkewa a baya, direba ba zai rubuta wa kowa ƙorafi ba. Bakanike zai kira. Bakanikenmu kuwa bai san rawani ba. Zai zare maka waya, ya maƙala wani ɗan akwati da zai riƙa rantse wa kwamfuta cewa kana cike kana aiki, shi ke nan an tuɓe ka. Ba mamaki yaron mota ya riƙa ajiye ruwan wanke hannu a cikinka. Kuma wa zai ga laifin mai motar? Da bashi ya saye ta, ba a tambaye shi ba sa'ad da ake naɗa ka.

Doka dai muna da ita. A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS sun zauna a Wagadugu suka amince da man da bai wuce kashi 50 cikin miliyan ba, da matakin Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su. Takarda ce mai kyau, an buga ta da tsabta. Yuriya ma ba mu rasa ba, masana'antar Dangote da ke Lekki an gina ta ne don tan miliyan 3 a shekara. In har za ka zauna da mu da mutunci, to ka zo da bakaniken da ya san ciwonka, ka zo da kayan gyaran da mai mota ɗaya zai iya saye, ka kuma ajiye sandar nan a Antwerp. Batun abincinka kuwa sai ka yi haƙuri zuwa bayan damina, don manoma sun riga ka shiga layi.

Ka gaida mataci, ka ce ina yi masa sannu da toshewa.

Naka,
Mai shaƙar abin da ka rage