Mutanen da Jikinsu Ba Ya Shawara da Su

Da za a tsare mutum da yamma a ce ya lissafa abin da ya yi tun asuba da saninsa, da lissafin bai taka kara ya karya ba. Sauran duk jiki ne ya yi abinsa: ƙafa ta san hanyar masallaci, hannu ya san hanyar baki, harshe ya san amsar gaisuwa. Masana ƙwaƙwalwa sun ce aikin da aka maimaita har ya zama jiki, wasu curin jijiyoyi da ke can cikin ƙwaƙwalwa ne ke karɓarsa, su sallami hankali ya tafi yawonsa. Rahama ce, don in ba haka ba, ɗaurin tazuge kaɗai sai ya ci wa mutum hantsi. Sai dai kowa da inda nasa jikin ke kai shi ya baro.

Akwai mai lafiya-lau, wanda amsa ke bakinsa tun kafin tambaya ta iso kunne. Tuzuru ne, ko kaza ba ya kiwo, amma ka ce masa "Ya iyali?" zai ce "Lafiya lau." A kai shi asibiti ranga-ranga, likita ya ce "Baba, ya jikin?" ya ce "Da sauƙi," sannan a shiga laluben abin da ya kawo shi. Ranar da asirinsa ke tonuwa ita ce ranar da ya fito daga yawon barka da Sallah ya zarce gidan rasuwa, ya durƙusa gaban masu karɓar gaisuwa, ya shafa fatiha, ya ce "Allah ya maimaita mana." Kuma ba a rasa ɗan'uwansa a kan tabarmar, wanda zai amsa da "Amin" da ƙarfi kafin su biyun su ji abin da suka ce.

Sai direban da motarsa ta fi shi sanin gari. Ya tashi daga Kano zai je Zariya yana lissafin kuɗin makarantar yara, bai farga ba sai ga shi a Kwanar Dangora. Ya sha kwana, ya wuce tireloli, ya kauce wa ramuka, amma ko ɗaya ba zai iya tunawa ba. Ranar Asabar uwargida ta ce ya sauke ta gidan biki, sai ta ga sun ja birki a ƙofar ofishinsa, maigadi ya saki baki yana kallonsu. Don irinsa ne hukuma ta yi ta shela kafin ranar 2 ga Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama. Doka tana canzawa a dare ɗaya, amma hannun da ya shekara ashirin yana karkata hagu ba ya sauraron rediyo.

Ƙanensa shi ne wanda ya shiga ɗaki ɗauko hular Juma'a aka tarar da shi kwance da singileti. Tun a 1890 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, William James, ya ba da labarin masu shiga ɗaki canza kaya don cin abincin dare, su tuɓe ɗaya bayan ɗaya har su haye gado, don kawai tuɓe riga a wurinsu mafarin kwanciya ne. A gidan nan kuma za ka sami mai danna makunnin fitila sau uku alhali ya san an ɗauke wuta, da mai haska fitilar waya ƙarƙashin gado yana neman waya.

Ranar ɗaya ga azumi tana da nata mutumin. Ya yi sahur, ya yi niyya, har ya yi wa yara wa'azi. Da azahar ya shigo daga rana, ƙafa ta kai shi bakin randa, ya kafa kai a moɗa, sai da ruwan ya kai ciki sannan ƙaramar 'yarsa ta ce "Baba, ba ka azumi ne?" A mazhabar Malikiyya babu kaffara a kansa, amma zai kame baki har magariba kuma ya rama ranar bayan Sallah. Ita kuwa yarinyar, kafin la'asar duk layin ya ji. Maƙwabcinsa a sahu shi ne ɗan kasuwar da ba ya tuna wanda yake bi bashi sai ya kabbarta. Jiki na ruku'u da sujada daidai wa daida, shi yana Kantin Kwari yana ƙirga bandir, har ya koma satar kallon na kusa da shi don ya gane raka'a ta nawa ake. Malaman fiƙihu sun san da zamansa tun da daɗewa, shi ya sa ƙabli da ba'adi ke da babi guda.

Waɗanda nake gani da ƙima su ne masu hannu da ilimi. Dubi mai shayi da safe: yana hira da mutum uku, yana sauraron labarai, yana ɗaga kofi sama da kansa ya kwararo shayin cikin ɗayan da ke ƙasa, ɗigo ɗaya bai faɗi ba. Ka ce masa "Malam, nuna mini yadda kake yi a hankali," yanzun nan zai ƙona yatsa. Haka uwar da ta yaye ɗanta tun bara, amma ta tsaya a layin injin markaɗe tana jijjiga tana bubbuga baya, alhali ba kowa a bayan sai zani.

Masu tafiya cikin barci kuwa, a nan dariya ke raguwa. Abin ya fi kama yara, kuma yakan zo ne a farkon dare, lokacin barci mai nauyi. Yaro ya tashi ido buɗe, ya zare sakata, ya yi fitsari a kwandon albasa, da safe ya rantse bai motsa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Gida sai a ce iska ce. Akwai ma nau'in farfaɗiya da ba ta kayar da mutum, sai dai ya ƙura ido, ya riƙa tsotsar leɓe yana murza bakin riga na ɗan lokaci. Wannan asibiti yake bukata, ba tsawa ba. A Kanada, a 1987, wani mai suna Kenneth Parks ya tuƙa mota fiye da kilomita 20 da dare zuwa gidan surukansa, ya kashe surukarsa, ya raunata mijinta, sannan ya kai kansa wurin 'yan sanda. Kotu ta gamsu cewa barci yake yi, ta sallame shi, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 1992. Sashe na 24 na dokar laifuffuka da ake aiki da ita a Kudancin Najeriya ma ya ɗauke laifi daga aikin da ya auku ba da nufin mai shi ba, mu kuma tun a makarantar allo muka ji cewa an ɗauke wa mai barci alƙalami har ya farka.

To, wannan rangwamen ne wani ya ji labarinsa ya ce ya samu. Shi ne mai "wallahi ban san na yi ba." Hannunsa ba ya kuskure sai a kan tsoka mafi girma a kwano. Yana mance bashin da ake bin sa, amma wanda yake bi, har ranar da sa'ar ya riƙe. Bai taɓa fita masallaci da takalmin da ya fi nasa tsufa ba. In mai mata biyu ne, ƙafarsa takan ɓace hanya da dare, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ɓacewa zuwa ɗakin uwargida ranar girkin amarya ba. Da safe ya zo yana sosa ƙeya: "Hajiya, magagin barci ne, sai farkawa na yi na gan ni a can." Ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗen da take: "Allah sarki, Alhaji. Magagin ne ya fesa maka turare, ya ɗauki ledar tsire?"