Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Na'urar Faifan DJ

Daga Boɗinga, Jihar Sakkwato.

Ya ke na'urar faifan DJ,

Dalilin rubuto miki wannan takarda wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin samarin da ke sana'ar kiɗan biki a yankin nan namu, tun daga Boɗinga da Sifawa da Ɗancadi har zuwa Jaredi da Shagari da Kajiji. Wai a cikin danginki wace ce ta fi? Wannan ya rantse da Pioneer, wancan ya kafe a kan Denon, wani kuma ya ce duk asarar kuɗi ce tunda laftof ta zo. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mudun da suke auna ku da shi na aro ne. A YouTube suke ganin ki, a gidajen rawa na Landan da Balin, inda ɗaki ke da sanyi, wuta ba ta ƙiftawa, ƙura kuma ba ta da hanyar shiga. Mu kuwa a ƙofar gida muke girke ki, bisa teburin katako, ƙafafunsa a cikin rairayi. Sana'ata ba da hayar kayan sauti ce da gyaran abin da ya lalace a cikinsu, saboda haka na fi sanin cikinki a kan fuskarki.

Faifan da kike karantawa ya fito kasuwa a 1982, aikin haɗin gwiwar Sony da Philips, lokacin marigayi Alhaji Shehu Shagari yana shugabancin Najeriya. Amma mu nan kaset muka riƙe har ƙarshen shekarun 1990. Finafinan Hausa ne suka shigar da faifai gida-gida, tare da ƙananan na'urorin kallo 'yan Caina, kuma da irinsu masu kiɗan bikin farko suka fara a ƙauyukan nan: na'urar kallo biyu, amfilifaya ɗaya, sifika biyu. Waƙa za ta ƙare, fili ya yi tsit, 'yan mata na tsaye riƙe da ƙugu, yaro na ta danna rimot yana jiran faifai ya gama juyi. Domin kashe wannan shirun aka ƙera ki. Denon ta fito da DN-2000F mai aljihu biyu a farkon shekarun 1990, Pioneer ta biyo da CDJ-500 a 1994, sannan a 2001 ta kawo CDJ-1000 mai babban faranti a sama, wanda hannu ke taɓawa waƙa ta tsaya cak. Daga nan sunanki ya cika duniya.

To amma a ƙasar nan, mai fara yi miki jarrabawa ita ce ƙura. Bukukuwanmu sun fi yawa bayan an kai amfanin gona gida, daidai lokacin da hunturu ke saukowa da hazonsa, ga kuma ƙurar da ƙafafun masu rawa ke tayarwa. Duk aikinki ya rataya ne a kan ɗan ƙanƙanin gilashin nan da haske ke fita ta cikinsa yana karanta faifai, wato idonki. Idan na kwance murfinki bayan kakar biki, jar ƙura nake tararwa kwance a kan sandunan da idon ke zamewa a kansu, man da aka shafa musu ya koma taɓo, idon kansa ya yi dishi-dishi. Sai in naɗa auduga a tsinke, in ɗiga mata sifirit, in goge shi a hankali ba tare da dannawa ba. Sau da yawa iyakar ciwon ke nan, alhali mai ke ya riga ya yanke ƙauna. A nan na ga bambancin masu aljihu da masu tsaga. Mai aljihu tana wangale baki duk lokacin da za a sauya faifai, robar da ke jan aljihun kuma tana saki idan ta sha zafi, amma gyaranta ba wuya. Mai tsaga, irin CDJ-100S ta 1998 da ƙannenta, ƙofarta ƙarama ce, ta fi jure fili, sai dai duk dattin da ke jikin faifai da shi take haɗiyewa, kuma ranar da faifai ya maƙale a cikinta mai gyara zai sha aiki. A fili na fi amincewa da mai tsaga, muddin yaron da ke kanta yana goge faifai kafin ya tura.

Zafi ma ba ya raga miki. A takardun da Pioneer ke haɗowa da ke an rubuta cewa ki yi aiki tsakanin digiri 5 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yana wuce 40, ga jikinki baƙi mai shan rana. Duk wanda ya girke ki da azahar ba rumfa, ko ya lulluɓe ki da tawul wai yana kare ki daga ƙura alhali kina aiki, shi ya rage miki kwana.

Sai maganar wuta, wadda ta fi kashe 'yan uwanki a hannunmu. Yawancinku 'yan gwanjo ne, ta kasuwar Alaba a Legas kuke biyowa kafin ku iso Arewa. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma da yawa daga cikin tsofaffin samfura ma'auni ɗaya kawai suke karɓa. An rubuta shi a bayanki, kusa da inda waya ke shiga. Saurayi ya tara kuɗin albasa ko na kabu-kabu ya sayo ki, ɗoki ya hana shi juya ki ya karanta, ya jona, sai ƙauri. Wadda aka yi wa Amurka dole a haɗa ta da taransifoma mai rage wuta. Ko mai ma'aunin da ya dace, idan aka haɗa ta layi ɗaya da amfilifaya a kan ƙaramin janareta, duk sanda gangar waƙa ta buga da ƙarfi wuta sai ta ja baya, ki ɗauke, ki sake tashi daga farko a tsakiyar rawa. Ki samu sitabilaizarki ke kaɗai, shi ne haƙƙinki.

Inda kika yi wa na'urar ɗaki fintinkau shi ne jure girgiza. Kina karanta waƙa ki tara 'yan daƙiƙoƙi a ƙwaƙwalwarki kafin su kai ga sifika, saboda haka ko an bangaji tebur, ko ƙarar sifika ta girgiza shi, waƙa ba ta tsalle. Wannan kaɗai ya isa dalilin kuɗinki.

Yanzu bari in zo kan maɓallanki, domin a nan samari suka fi ruɗewa. Abin da ke burge su a bidiyo shi ne murza faranti gaba da baya ana fitar da ƙarar karce. Wa ya taɓa neman wannan a bikin Shagari? Bahaushe magana yake saurare a cikin waƙa. Uwar amarya ta biya an buga wa ɗiyarta waƙa a sutudiyo, an ambaci sunanta da na kakanninta, so take kowa ya ji kowane suna tsaf. Don haka maɓallin da ya fi kowane daraja a wurina shi ne Cue, wanda ke riƙe daidai gurbin da aka yi wa alama. Amarya na sako ƙafa a fili, a danna, baitin sunanta ya tashi nan take. CDJ-1000 tana riƙe irin wannan alama har uku a waƙa ɗaya, kuma uku sun wadatar: shigowar amarya, baitin ango, baitin iyaye. Na biyu shi ne maɓallin maimaita gaɓa. Idan liƙi ya kankama, gwaggo da inna da ƙawaye sun yi layi, waƙa kuma ta kusa ƙarewa, da shi ake kewaya amshi har kowa ya sauke nauyinsa.

Na uku shi ne Master Tempo, kuma a kansa zan ɗan daɗe. Idan aka ƙara wa waƙa gudu don rawa ta yi zafi, murya takan siranta, babban mutum ya koma yana waƙa da muryar yaro. Wannan maɓalli yana barin gudu ya ƙaru, murya kuma ta zauna inda take. A waƙar da ba ta da magana wannan ƙaramin abu ne. A tamu kuwa, inda mutane suka san muryar Nura M. Inuwa ko ta Ado Gwanja tun daga kalmar farko, sauya ta cin fuska ne ga mawaƙin da mai saurare. Duk na'urar da za a saya, a gwada ta a nan: a ƙara gudu kaɗan, a danna maɓallin, a kasa kunne. Idan murya ta riƙa rawa tana karkarwa, a ajiye ta. Technics, duk da sunan da ta yi da na'urar garmaho SL-1200, ta fito da SL-DZ1200 a 2004 ba ta samu karɓuwa ba, kuma sauti na daga cikin abin da aka yi ta kuka da shi.

Shi kuwa maɓallin da ke daidaita bugun waƙa biyu da kansa, yana aiki a kan waƙoƙin fiyano da aka tsara a kwamfuta, domin bugunsu a ƙirge yake. Sa masa kotson Musa Ɗankwairo, ko taushin Salihu Jankiɗi, ko kalangun Ɗan Anace, ka ga ya rikice. Waɗannan hannun mutum ne ya kaɗa su, yana ja yana saki gwargwadon yadda magana ta zo. Wurin nan sai kunnen DJ.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba. Boɗinga nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, Sifawa kuma nan Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Idan dattawan irin wannan ƙasa suka koka da kiɗan da ke kai wa tsakar dare, ko wanda ke danne kiran salla, gaskiya suka faɗa. Ba ki da hannu a ciki, domin ke ce kuma muke ɗauka zuwa walima da musabaƙa da wa'azi. Kina da maɓallin da ke tsayar da waƙa a daidai inda take, a je a yi salla a dawo a ci gaba. DJ ɗin da bai san amfanin wannan ba shi ke jawo wa sana'ar baƙin jini.

Ga hukuncina a kan danginki. CDJ-1000MK3 ta 2006 ƙarfe ce mai ƙwari, tana karanta faifan MP3, amma ba ta da ramin filash, kuma yau waƙar amarya ta WhatsApp take zuwa da safiyar biki. Masu farantin da mota ke juyawa, irin DN-S3500 ta Denon, suna da daɗin hannu, sai dai duk abin da ke juyi a sarari abincin ƙura ne. CDJ-2000 ta 2009 ta haɗa komai, har ana iya jona huɗu su ci daga filash ɗaya, amma kuɗinta da na gyaran gilashinta sun fi ƙarfin mai kiɗan bikin ƙauye. Waɗanda suka dace da mu su ne matsakaita masu cin faifai da filash duka: CDJ-350 da CDJ-850 na 2010, ko DN-S1200 ta Denon, ko NDX500 ta Numark ga mai ƙaramin jari. A tuna kawai a tsara filash ɗin a kan FAT32, in ba haka ba tsofaffin nan suna iya kasa ganin sa. Ita kuwa CDJ-3000 da samari ke mafarki, wadda ta fito a 2020 a kan kusan dala 2,300 guda ɗaya, ana kuma buƙatar biyu da mikisa, ko tsagar faifai ba ta da ita.

Wannan na ƙarshe shi ya fi taɓa ni. Waɗanda suka ƙera ki sun bar faifai, Denon ma ta bar shi tun SC5000 a 2017. Ma'ana kayan gyaranki za su riƙa ƙaranci, ido mai kyau zai yi wuyar samu. Alhali a akwatunan masu kiɗa da shagunan tsofaffin masu kaset daga nan har Shagari akwai faya-fayan da babu kwafinsu a ko'ina: waƙoƙin amaren da yanzu suke aurar da nasu 'ya'yan, karatun ɗalibai a musabaƙa, wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, kiɗan makaɗan gari da aka kwafo daga kaset. Yawancinsu faifan kwafi ne, wanda rubutunsa ke kan wani siririn rini da rana da zafi ke cinyewa. Rubutun yana dab da bayan faifan, gefen da ake rubuta suna da maka, shi ya sa karce a nan ya fi na ciki illa. Sautin da ke kansu kuma ya fi wanda masu tura waƙa ke zuba wa mutane a memori: faifan sauti na ɗauke da 1,411 a ma'aunin da ake auna nauyin sauti, na waya sau da yawa 128 ne ko ƙasa da haka. A ƙaramar waya ba a jin bambancin, amma a babbar sifika kowa zai ji.

Saboda haka ina roƙon ki da ki ƙara haƙuri da mu, ki ci gaba da karanta faya-fayan nan har mu tantance abin da ke cikinsu. Ku kuma samarin da takardar nan za ta faɗa hannunku, kafin ku biya kuɗin kowace na'ura ku juya ta ku karanta ma'aunin wutarta, ku gwada ta da faifan kwafi mai ɗan karce, ku bar ta ta yi aiki har ta ɗau zafi. Faya-fayan da ke akwatunanku ku goge su da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ku kai wa mai kwamfuta ya kwashe su da cikakken sautinsu, a ajiye kwafi biyu a gidaje biyu. Ku yi wannan a bana, kafin zafin bazara ya shigo.

Wassalam.

Naki,
Mai hayar kayan sauti,
Boɗinga.