Ni Fa Na San Su Tun Kafin Su Lalace

Na je Ingila a duba mini ido, na dawo da ciwon kunne. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Manchesta ne ya jawo mini. Ranar wata Talata da yamma ya ce, "Kawu, yau zan kai ka ka ga abin da ba a nunawa a talabijin." Na ce to, Allah ya sa ba abin da zai sa in kira uwarka da tsakar dare ba ne. Ya ce kiɗa ne kawai, wasu samari huɗu za su yi wasa a wani ɗan kulob, irin kiɗan nan da ake kira indi.

Na gyara zama, na ce ashe 'yan Indiya ne, ai mu da su mun saba tun zamanin silima. Yaron ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe kalmar gutsure ce daga wata kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai. A ƙarshen shekarun 1970 ne ƙananan kamfanonin faifai, irin su Rough Trade a Landan da Factory a Manchesta, suka fara fitar da waƙoƙin yaran da manyan kamfanoni ba sa ko ɗaga ido su kalla. Kiɗan jita ne da ganga, na mutanen da ke cewa ba don kuɗi suke yi ba. Wannan maganar ta ƙarshe na riƙe ta da kyau, domin a bakin ƙofa fam goma sha biyar-biyar aka karɓe mana.

Wurin a ƙarƙashin ƙasa yake. Rufinsa, in ka yi miƙa da ƙarfi sai ka taɓa shi. Daɓen kuwa ya sha abin da aka yi shekaru ana zubar masa, duk takun da ka yi sai takalminka ya yi gardama kafin ya biyo ka. Ni dai lemo na riƙe, na sami bango na jingina. An rubuta bakwai da rabi a tikiti, mawaƙan ba su fito ba sai tara da rabi, kuma babu wanda ya ce uffan. Daga ranar na daina jin kunya idan Bature ya yi mana gorin rashin kiyaye lokaci.

A gida makaɗi ne ke neman haɗa ido da kai. Ya wasa ka, ya tono sunan kakanka, kanka ya kumbura, ka tashi ka yi masa liƙi. Sai ka ji ka gamsu sannan hannu ya shiga aljihu. A nan biya ake fara yi, sannan mutum wajen ɗari biyu su harɗe hannuwa a ƙirji, su tsaya ƙiƙam kamar alƙalan kotun ɗaukaka ƙara. Shi ma mawaƙin bai damu da su ba. Ya fito da wata rigar sanyi mai huji a gwiwar hannu, ya yi wata 'yar gunaguni a bakin makirufo da aka ce mini gaisuwa ce, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa har aka tashi. Na ɗauka wani abu ya yar. Ɗan ƙanwata ya ce a'a, akwai 'yan akwatunan sauya sautin jita da ake takawa da ƙafa, kuma tun tuni jaridun kiɗa na Birtaniya suka raɗa wa wani reshe na wannan kiɗan suna, wai masu kallon takalmi.

Kallon ma ban yi shi da idona ba. Akwai wata doka da ba a rubuta ba a irin waɗannan wurare: mutumin da ya fi kowa tsawo a garin shi ne zai zo ya tsaya a gabanka. Nawa dogon har da hula. Sai na koma leƙen wayar wata baiwar Allah da ke gefena, wadda ta ɗaga ta tun waƙar farko ba ta sauke ba. Wato na biya fam goma sha biyar na kalli talabijin mai faɗin tafin hannu, a tsaye.

Da aka yi waƙa uku, mawaƙin ya ce ga wata sabuwa. Kafin ya rufe baki rabin ɗakin ya tuna yana jin fitsari. Wani ƙato a bayana kuwa tun farko sunan wata tsohuwar waƙarsu yake kira, duk lokacin da aka tsagaita sai ya kwarara ihu kamar mai cigiyar akuya. Mawaƙan Radiohead sun sha irin wannan a kan waƙarsu Creep ta 1992, har suka yi shekaru suna ƙin rera ta. Waɗannan yaran ba su kai ƙarfin yin wannan taurin kan ba, can wajen ƙarshe suka yi masa waƙarsa. Na juya in taya shi murna, na iske ya ɓata rai. Wai sun yi ta da sauri.

Daga nan suka ce sai da safe, suka ajiye jitocinsu a kunne, suka shige bayan wani labule da ƙafafunsu ke leƙowa ta ƙasansa. Jama'a suka hau tafi da buga ƙafa, wai roƙo ake su dawo. Kowa ya san za su dawo, su ma sun san an sani, waƙoƙin da za su ƙara ma a rubuce suke a takardar da aka manna a ƙasan dandamali. Minti biyu suka fito suna nuna mamaki. Abin ya tuna mini baƙon da aka ce ya ƙara tuwo yana cewa ya ƙoshi, hannunsa kuwa na cikin kwano.

Ashe duk wannan share fage ne. Ainihin abin da aka zo yi a waje ake yin sa, a bakin titi, cikin yayyafin Manchesta da ba ya gajiya. Nan kotu ta zauna.

Wani mai tabarau ya ce sautin ya cakuɗe, ba a jin jitar ƙasa. Abokinsa ya ce shi ban da ita babu abin da ya ji. Aka binciko, ashe ɗaya a jikin lasifika ya tsaya, ɗayan a bakin banɗaki. Wata ta ce sun yi waƙoƙin daidai yadda suke a faifai, to me ya fito da ita cikin sanyi? Wanda ke kusa da ita ya ce shi abin da ya ɓata masa rai ke nan, ba su yi su yadda suke a faifai ba. Su biyun a ɗaki ɗaya suka tsaya, kuma na ga alamar gida ɗaya za su koma. Wasa ya yi tsawo, wasa ya yi gajarta, an cika ƙara, ba a ƙure ƙara ba. Mai ƙinka ko ruwa ka shiga sai ya ce ka ta da ƙura, to waɗannan masoya ne fa, da kuɗinsu suka zo.

Shugaban alƙalan wani dattijo ne mai furfurar gemu, sanye da rigar ƙungiyar da wanki ya cinye rubutunta. Da ya ga baƙuwar fuska sai ya matso, domin irinsa kullum neman sabon kunne yake. Ya ce shi shekara huɗu da suka wuce ya fara ganin yaran nan a bayan wata mashaya, su goma sha ɗaya a ɗakin, har da uwar mai ganga. A lokacin, in ji shi, suna da rai. Yanzu kuwa sun lalace. Na ce subhanallahi, shaye-shaye suka fara? Ya ce ina, ai da shi ne da sauƙi. Na matsa masa da tambaya har gaskiya ta fito: mai gangar ya koyi riƙe kiɗa ba ya kuskure, mawaƙin ya daina manta baitoci, kuma an fara sa su a rediyo. Laifinsu ke nan, sun iya. Ga kuma waɗannan mutane, ya nuna jama'a da haɓa, da ba su san komai ba sun cika wuri.

Na daɗe ina ganin soyayya iri-iri, amma ban taɓa gamuwa da mai yi wa masoyinsa addu'ar talauci ba sai a nan. So yake yaran su dawwama suna kwana a bayan mota, suna cin burodi da ruwan famfo, don shi ya ci gaba da zama ɗaya daga cikin goma sha ɗaya. Ranar da suka iya biyan kuɗin haya, ranar suka ci amanarsa. Ba kiɗan yake karewa ba, kujerarsa ta sahun gaba yake karewa.

Kuma cutar tsohuwa ce. Arctic Monkeys, yaran Sheffield, sun fara wasa a wata mashaya mai suna The Grapes a Yunin 2003, daga baya suka riƙa raba faifan gwaji kyauta ga duk wanda ya zo kallonsu. Da kundinsu na farko ya fito a Janairun 2006, ya sayar da sama da kwafi 360,000 a mako guda, sai 'yan "na san su tun" suka fara tsaki. Suka ci gaba da jita, aka ce ba sa sauyawa. A 2018 suka fito da kundin da piyano ya yi wa yawa, aka ce ina jitar? A wannan garin na Manchesta ma, ranar 17 ga Mayun 1966, wani ɗan kallo ya miƙe a zauren Free Trade Hall ya kira mawaƙi Bob Dylan da sunan Yahuza maci amana, don kawai ya rataya jita mai amfani da lantarki. Mutum ya biya kuɗi, ya zauna, ya jira, don ya zagi wanda ya fi so a duniya.

Wani abin da na lura da shi a bakin titin nan shi ne, wasa mai kyau ba ya tsufa da daraja. Mummunan shi ne jari. A Maris na 1985 ƙungiyar The Jesus and Mary Chain ta yi wasan da bai kai rabin sa'a ba a wata kwaleji a arewacin Landan, 'yan kallo suka fusata suka farfasa kayan kiɗa. Yau wanda ya halarci wannan tarzomar ji yake kamar ya je yaƙin Bama. 'Yan ƙungiyar My Bloody Valentine kuwa, da suka dawo wasa a Landan a 2008, abin toshe kunne aka riƙa rabawa kyauta a ƙofa, domin a waƙar ƙarshe sukan saki rugugi tsagwaronsa na fiye da minti 15. Ka sayi tikitin jin kiɗa, a haɗa maka da maganin kada ka ji shi! Kuma da ka zauna da masoyansu, abin alfaharin shi ne wane ne ya ƙi toshewa.

Mutum ɗaya na gani da ta ji daɗi ba tare da sharaɗi ba, wata yarinya da ba ta wuce shekara sha tara ba. Ta fito idanunta jajur, tana cewa ba ta taɓa ganin dare irin wannan ba. Alƙalai suka dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa baƙauyen da ya yaba miyar da 'yan gari suka ce ba gishiri. Na juya ga ɗan ƙanwata, wanda da idona na gan shi yana tsalle kamar ɗan maraƙi, na ce, "Kai fa, ya ka gani?" Ya saci kallon abokansa tukuna, ya karanta fuskokinsu, sannan ya ɗaga kafaɗa. "Ba laifi, Kawu. Amma na bara ya fi." Bara warhaka yaron nan yana Zariya yana fama da jarrabawa.

Ban tona shi ba, don a garin da ya dace ya yi ƙaryar. A wani ƙaramin zaure na wancan ginin da aka zagi Dylan, 'yan ƙungiyar Sex Pistols suka yi wasa ranar 4 ga Yunin 1976 a gaban mutum wajen 40. Cikinsu akwai mawaƙi Morrissey, akwai Peter Hook da Bernard Sumner da suka kafa ƙungiyar Joy Division daga baya. Da wasan ya shiga tarihi, masu rantsuwar sun halarta suka yi yawan da zauren ba zai ɗauka ba ko da an jera su kamar buhunan gyaɗa. Har littafi ɗan jarida David Nolan ya rubuta a kan lamarin, ya sa masa sunan rantsuwar tasu, I Swear I Was There. Ginin yanzu otal ne, shaidu kuwa kullum ƙaruwa suke.

Muna shirin tafiya na hangi mawaƙan a lungu suna loda lasifikoki a wata tsohuwar mota da kansu, ruwa na dukansu. Mai gangar ya baje riguna a kan akwati yana sayarwa. Wa zan gani a kan layi? Dattijon nan mai gemu. Ya sayi riga biyu, ya kama hannun mawaƙin da hannu bibbiyu, yana ce masa bai taɓa jin su sun yi wasa kamar na yau ba. Ya kuma tambayi ko akwai sauran tikitin wasan Leeds na jibi.

Kwana uku kunnena na ƙugi kamar an saka mini injin niƙa. Likitan ido ya ce in rage shiga wurare masu walƙiyar fitilu, ban gaya masa inda na je ba. Makon jiya ɗan ƙanwata ya kira ni, ya ce yaran nan za su yi wasa a babban zaure mai cin mutum dubu biyu. Ban san lokacin da tsaki ya kuɓuce mini ba. Na ce masa ai shi ke nan, sun lalace.

Guntun tikitina yana nan cikin fasfo, na sa an manne shi da leda. Don haka jama'a ku zama shaida tun yanzu: idan kuka ji sun yi suna a duniya, ni ina wurin, daren Talata, a bayan dogon nan mai hula. Kuma mu goma sha ɗaya ne kacal.