Masu auna tafin hannu

A Amurka, kafin a zaɓi ɗan wasan jami'a zuwa gasar ƙwararru ta NFL, galibi sai an kai shi birnin Indianapolis an auna shi. A auna tsayi, a auna nauyi, a sa shi gudun yadi 40. Har faɗin tafin hannunsa sai an gwada, kamar ragon layya a hannun dillali.

Daga nan sai masana na zaure su karɓa. Mutumin da hawa bene ke sa shi haki zai kishingiɗa, ya yanke hukunci cewa yaron nan ba shi da gudu.

Su ma na albashin ba baya ba. A 2000, sai da suka zaɓi mutum 198 kafin su waiwayi Tom Brady. Daga baya ya ci kofin gasar, Super Bowl, sau 7. Shiru kake ji, ba wanda ya mayar da albashinsa.

Tun da Kotun Ƙoli ta buɗe wa jihohi ƙofar cacar wasanni a 2018, ilimin ya ƙaru. Yanzu in yaro ya saki ƙwallo, an saye shi. In ya cafke, to alƙalin wasa aka saya. Shi kuwa mai wannan zurfin bincike, dala 20 ya zuba ta waya, kuma matarsa ba ta sani ba tukuna.