Shebur Mai Farin Jini

Asabar ɗin nan aka yi shelar gayyar yashe lambatu a unguwarmu a Bafarawa, don ruwan sama ya fara yi wa mutane sallama har cikin zaure. Wata ƙungiyar matasa ce ta kira, ba zan faɗi sunanta ba, shugabanta surukin ƙanina ne kuma ina son zaman lafiya. An ce ƙarfe bakwai. Da bakwai ta yi, daga ni sai wani dattijo da galmarsa, sai almajirai biyu da suka zaci koko za a raba.

Da hantsi ya dubi ludayi sai ga jami'ai, kowa cikin riga mai sheƙi irin ta masu gyaran titi, an buga masa muƙaminsa a gadon baya. Ga shugaba da mataimakansa biyu, ga ma'aji, ga sakataren kuɗi (su biyun ba sa ga-maciji), ga jami'in walwala, har da mai tsawatarwa. Kayan aikinsu kuwa shebur guda.

Amma fa shebur ne! Sabo fil, ko takardar shago ba a ɓare ba, an naɗa masa jan salatif a ƙota. Shugaba ya karɓa, ya ɗora ƙafa, ya dubi gabas, aka ɗauke shi hoto. Ya duba waya ya ce idonsa a rufe yake, aka sake. Sai gardama ta tashi kan wa zai riƙe bayansa, ma'aji ko mataimaki na biyu, har aka nemi a buɗe kundin tsarin mulkin ƙungiya. Wani yaro mai neman suna ya tsoma bakin shebur cikin taɓo don hoton ya yi kama da aiki, ma'aji ya daka masa tsawa: aro ne, kafin azahar za a mayar. Aka wanke shi da ruwan leda, aka goge da hankici. Dattijon nan ya ɗago daga cikin lambatu ya ce, "Ɗiyana, in kun gama da shi ku ara mini." Shugaba ya ce, "Baba, yi haƙuri, wanga na taro ne."

Da yamma na ga shebur ɗin a Facebook, an ce an yashe lambatun gari kaf. Washegari na sake ganinsa a hannun wata ƙungiya a Isa, jan salatif ɗin ne ya tona masa asiri. Ina zargin ya leƙa Sabon Birni, kuma in hanya ta yi kyau zai ci kasuwar Shinkafi. Shebur ɗin nan ya fi ni yawo a ƙasar Gobir, ya fi ni masoya, bai taɓa ɗaukar ƙasa ba. A ba shi sarauta kawai a huta.

Dattijon ya ce zamanin Buhari da Idiagbon, da aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, soja ke sa mutum shara da tsallen kwaɗo. Ni ban nemi a dawo da bulala ba. Na dai tuna 2021, da aka katse layukan waya a Isa da Sabon Birni saboda 'yan bindiga, sai wanda ya laluɓo sabis ɗin Nijar ke magana da duniya. Ko waɗannan jami'an sun yi gayya a watannin? Wa zai gani?

Abin da ke ƙona mini rai, a yankin nan sa-kai ba wasan yara ba ne. Akwai waɗanda ke kwana waje da tocila don mu yi barci. Akwai 'yan agajin da ke ɗauko gawa daga daji. Akwai matan da ke tuƙa tuwo su kai wa waɗanda aka koro daga ƙauyukansu, ba wanda ya ɗinka musu riga mai sheƙi, ba wanda ya san sunansu. Sai ku zo ku tare hanya da kujerun roba, ku karanta jawabin godiya ga kanku?

Kuma wai gayya babu fura. A da mai gona ne ke kawo ta cikin ƙwarya, makaɗin noma na zuga samari, kowa na ƙoƙarin riga ɗan'uwansa kai ƙarshen kunya. Mu ruwan leda aka ba mu, mai ɗumi, mutum biyu leda ɗaya. Ita kanta furar gari ta lalace. Tun da shanu suka yi ƙaranci, masu damu suka koma madarar gari, su tsuga ruwa, su zabga sukari har haƙori ya amsa, sa'annan su ce maka kindirmo ne. Na yi wa wata mai fura ƙorafi a tasha, ta ce, "Malam, kawo saniyar in tatsa."