Kafin Ka Ba da Kwikwiyon Nan: Shawarwari ga Gidan da Barci Ya Ƙaurace wa

Wannan rubutu na waɗanda suka riga suka shiga ne. Wanda bai taɓa fitowa sallar asuba ya tarar da warin silifas ɗinsa a bakin rijiya, ɗayan warin kuma ya riga ya zama kalacin wata halitta mai kaɗa jela ba, ya wuce shafi na gaba, Allah ya ƙara tsare shi. Mu da muka rage mun san yadda abin ya faro. Ɓarayi suka addabi unguwa, yau a kwance batirin mota, gobe a tsallako katanga a saɓa akuya, sai wani ya ce a samo kare, aka kawo ɗan kwikwiyo cikin kwali, yara suna murna. Ba zan ɓata maka lokaci da maganar ba shi ruwa da abinci ba. Abin da ke cin ranka yanzu ɗaya ne: a ci gaba da haƙuri, ko a nema masa wani gida?

Shawara ta 1: Kada ka yanke hukunci da ƙarfe ukun dare

A wannan lokacin babu mai hankali a gidan. Shi yana kuka, uwargida tana cewa "Maigida, ko ni ko karen nan," maƙwabci yana gyaran murya ta bayan katanga, irin gyaran muryar da ta fi zagi ciwo. Duk hukuncin da ka yanke a nan na fushi ne. Ka tuna cewa ƙa'ida ita ce kwikwiyo ya yi mako 8 wajen uwarsa, amma yawancin waɗanda ake kawo mana ba su kai haka ba. Jiya yana kwance cikin ɗumin 'yan'uwansa, yau an ajiye shi shi kaɗai a kan siminti cikin hunturu. Ka shimfiɗa masa tsohon buhu, ka sa shi inda zai riƙa jin motsin mutane. Kukan daren yana raguwa. Maganar rabuwa kuma ka bar ta sai gari ya waye, ka karya kumallo.

Shawara ta 2: Buɗe bakinsa ka duba haƙora

Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28. Daga wajen wata 4 suke fara zubewa, kafin wata 7 manya guda 42 sun maye gurbinsu. Tsakanin nan dasashinsa ƙaiƙayi yake yi, duk abin da ya samu sai ya gwada. Wannan shi ne bayanin likitan dabbobi, kuma gaskiya ne. Abin da ya rage a bayyana shi ne dalilin da ya sa ya zaɓi buta.

Mu tsaya a kan buta. Duna, karen gidanmu, yana da igiya mai kauri da aka sayo musamman domin ya tauna, ko kallonta ba ya yi. Buta yake so, kuma bakin butar, daidai inda idan ya huda ta tashi daga aiki. Ka ɗauko za ka yi alwala, ruwa ya fito ta hanya huɗu, ɗaya a hannun rigarka. Ka sayo sabuwa ka rataye a ƙusa, ya zauna a ƙarƙashinta yana jira, har ranar da yaro zai manta ya ajiye ta a ƙasa. Daga buta ya koma igiyar guga, daga nan tiyo, wayar caja, kujerar babur, da gefen tabarmar da ake shimfiɗa wa baƙi. Ranar da abin ya kai maƙura, surukina ne ya zo gaisuwa ya tuɓe takalmansa a bakin zaure, irin sau-cikin nan na zuwa ɗaurin aure. Da ya tashi tafiya aka samu ɗaya. Ya ce, "Ba komai, ai dabba ce." Duk wanda yake da suruki ya san nauyin wannan "ba komai" ɗin.

Maganin dai shi ne duk abin da kake so ka ɗaga shi sama, ka roƙi mahauci babban ƙashin saniya ɗanye ka ba shi ya yi ta fama. Dafaffen ƙashin kaza kuwa kada ka kuskura, tsagewa yake yi ya soke hanji. Ka kuma kula da ragowar miya, domin albasa guba ce ga kare, tana lalata masa jini, mu kuwa babu tukunyar da ba ma yanka mata albasa.

Shawara ta 3: Toshe kunnenka daga majalisa

Mutumin da ya ce ka samo kare, shi ne zai fara cewa, "Ai dama na san za a rina." Bayansa sai masana. Wannan ya ce ka zuba masa barkono a abinci ya yi zafin rai. Wancan ya ce ka kulle shi a ɗaki mai duhu kada ya ga mutane. Wani ya ce a yanke masa kunne, wani ya ce duka ne kawai yarensa. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa kwashe kashin kwikwiyo da safe. Barkono ciwon ciki yake sa shi. Duhu da duka kuwa matsoracin kare suke haifarwa, matsoracin kare kuma shi ne mai cizon yara.

Sai rukuni na biyu, waɗanda ganin karenka ya mayar da su masu fatawa nan take. Maganar addini a nan mai nauyi ce, ta fi ƙarfin hirar bakin titi. Hadisi ya inganta cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, sai fa karen farauta, ko na kiwo, ko na gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan akwai buƙata ta gaske. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai, Shafi'iyya kuwa suna ganinsa najasa. Ana ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, cewa ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Ka je wajen malamin da ya yi karatu, ka faɗa masa halin gidanka yadda yake, ka bi abin da ya gaya maka. Na majalisa ka gaishe su ka wuce.

Shawara ta 4: Gajiyar da shi

Fita da shi safe da yamma, ya yi gudu. Karen da ya gaji ba ya cin buta.

Shawara ta 5: Kajin maƙwabta

Ka biya kawai. Kada ka tsaya musun ko kazar tana ƙwai, kowace kaza da kare ya kashe mai ƙwai ce.

Shawara ta 6, ko ta 7

Takardar da na jera sauran shawarwarin tana cikin Duna, don haka mu bar lamba, mu yi maganar da ta fi ci mini rai: sarƙa.

Akwai gidajen da suka ga kamar sun warware matsalar. Ba su ba da karen ba, ba su kuma riƙe shi ba. Sun ɗaure shi da sarƙa kamu biyu a jikin turke, cikin rana, kwanon ruwansa ya kife tun hantsi, kaska ta cika masa kunne, ƙuma ta cinye masa gadon baya. Yana haushi dare da rana, mai gidan yana alfahari wai karensa mugu ne. Wahala ce ta ishe shi. Abin ya fi muni ga masu sayen manyan karnukan waje domin a gani. Karen Kokeshiyan an yi shi ne domin duwatsun Kaukasus masu ƙanƙara, gashinsa kamar bargo biyu, nauyinsa yana haura kilo 50, sai ka gan shi a kejin kwano a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Wallahi wannan zalunci ne. Mun taso muna jin labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito su. Wanda ba zai iya sakin karensa ya miƙe ƙafa kullum ba, to ya riga ya sami amsar tambayarsa: ya ba da shi.

Sannan allura, wadda ko za ka riƙe ko za ka bayar, ba ta faɗuwa a kanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafin yana wata 3, a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ta faro tun 1924, tana yin wannan allura a nan gida, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon a duniya. Idan ya ciji wani, ko da ɗan kartar haƙori ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a tsare karen a sa masa ido kwana 10. Tsohon zancen nan na a ɗora gashin karen a kan ciwon bai taɓa ceton kowa ba.

Yanzu ga ma'aunin. Ka raba damuwarka gida biyu. Tauna, fitsari a tsakar gida, kukan dare, tsalle a kan baƙi, da taurin kan da ke zuwa masa tsakanin wata 6 da shekara ɗaya da rabi, duk na ƙuruciya ne, suna wucewa da horo da haƙuri, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma idan gidan haya kake mai tsakar gida ɗaya da iyalai biyar, ko mai gidan ya ce bai yarda ba, ko aikinka na fita da asuba ne ka dawo bayan isha, ko kuɗin abinci da magani sun fara taɓa cefanen yara, ko iyalinka tsoronsa suke ji har yau, ko ya fara yi wa ƙananan yara gurnani, waɗannan lokaci ba ya maganinsu. Kare yana rayuwa shekara 10 zuwa 13. Ka tambayi kanka ko halin da kake ciki zai ɗauki waɗannan shekarun, ka kuma tambayi wadda take wuni da shi a gida, domin ita ce ke ɗauke da rabin wahalar ko fiye.

Idan amsar bayarwa ce, babu abin kunya a ciki, kuma da wuri ya fi, domin ƙaramin kare ya fi saurin sabawa da sabon gida. Ka nemi mai buƙatarsa da gaske: mafarauci, makiyayi, mai lambu ko gona a bayan gari, ko mai babban gida da ya saba da karnuka. Likitan dabbobi yakan san irin waɗannan mutane. Ka taka da ƙafarka ka ga wurin, akwai inuwa, akwai ruwa, yaya karnukan da ke can suke. Ka faɗi halinsa duka, har da kazar, har da wanda ya taɓa kai wa cizo, ka miƙa katin allurarsa. Wanda ya tare ka a hanya ya ce zai saya bai ko tambayi sunansa ba, ka sani akwai fataucin karnuka zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a Kanke, inda ake sayensu domin nama. Idan ba can kake nufin ya je ba, ka bincika. Yaran gida kuma a gaya musu gaskiya, kada a ce musu ya ɓata.

Abu ɗaya ne ba ni da sassauci a kansa. Kada ka sa shi a buhu ka kai shi bayan gari ko bakin kasuwa ka saki. Karen da ya saba da kwano bai iya neman abinci ba, yunwa ko mota ko jifan yara ne ƙarshensa, in kuwa ya rayu, ya shiga cikin karnukan bola marasa allura, waɗanda ke cizon 'ya'yan mutane a hanyar makaranta. Kai ka ɗauko shi, amana ce a wuyanka. Ka riƙe shi da kyau, ko ka damƙa shi a hannun wanda zai riƙe shi da kyau.